Ranar da Na Kalli Idon Maigidana

Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya lallashi, ta ci gaba da rubutu, don kukan nan ba yau na fara shi ba.

Maigidana manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Bakori. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ya kai auduga Funtua, ya dawo da wani akwati mai ƙafa uku ɗaure a bayan keke. Wani mai ɗaukar hoto ne zai koma garinsu, ya sayar masa, ya nuna masa aikin a tsaitsaye. Ƙannensa suka yi ta dariya, wai Yaya ya sayo rumbun da ba a zuba wa dawa.

Da ni ya koyi aikin. Sai ya rataya zanena na saƙi a jikin danga, ya ajiye kujera, ya zaunar da ni, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyallen da ke bayan akwatin. Hoton farko da ya ciro daga ruwan magani, na ga fuskata fara fat, haƙorana baƙi ƙirin. Na yi salati na ruga ɗaki. Ya biyo ni yana dariya, ya ce haka yake fara fitowa, sai an sake ɗaukar wannan ɗin kafin mutum ya koma mutum.

Ya ɓata takarda ba kaɗan ba. Da rana tsaka ya fara, idanuna suka fito kamar ramukan gyare. Ya koma ƙarƙashin ɗorawa, inuwar ganye ta yi mini dabbare-dabbare. A hankali ya gane sai da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayansa, mai zama yana gefen inuwa. Kafin rani ya ƙare ya fara kai akwatin kasuwar Bakori, mutane suna tsayawa.

Abu ɗaya ne ya kasa gyarawa. Duk hotunana kaina a sunkuye yake. Yakan kira ni da sunan garinmu ya ce:

"'Yar mutanen Ƙarfi, ɗago ido mana. Me kika jefar a ƙasa?"

Sai in ƙara sunkuyawa. Mu haka aka rene mu, mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta kuma zuba masa ido. Na san takunsa, na san gyaran muryarsa tun daga zaure, amma fuskarsa sai dai in saci kallo in ya juya.

Da damina ta kama, tari ya kama shi. Ni kuma ina da cikin fari. An yi saiwoyi, an yi rubutu, an je asibiti an dawo, riga dai sai ƙara yi masa yawa take. Wata rana na buɗe kwallar da nake ajiye hotuna. Ga ni, ga ƙannensa, ga maƙwabta, har jakin gidanmu yana ciki. Shi kaɗai ne babu. Na dafa cikina. In Allah ya yi ikonsa, me zan nuna wa abin da ke cikin nan?

Na roƙi ƙannensa su ɗauke shi. Suka ce Allah ya kiyaye, ɗaukar marar lafiya hoto ai kamar yi masa bankwana ne.

Ina da wata ƙawa Bamaguja da ke kawo mana daddawa daga unguwarsu. Ta same ni ina kuka a bakin murhu, na faɗa mata.

"To ke hannunki ciwo yake yi? Ɗauke shi mana."

"Ni? In tsaya ina kallonsa?"

Ta dubi cikina ta taɓe baki. "Wannan kuma daga rijiya kika ɗebo shi?"

Na jefe ta da mara, ta kauce tana dariya. Amma maganar ta zauna mini.

Da na faɗa wa Malam, haka nake kiran maigidan, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ɗauko akwatin." Daga zaune ya koya mini. In shiga ƙyallen, in matsa akwatin har mutum ya fito sosai a gilashi, in sa takarda, in cire murfin idon, in yi bisimilla a nitse har ƙarshenta, in mayar. Wankin hoto kuwa na riga na saba, don nakan taya shi.

Ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya zauna gaban zanen saƙi. Na shiga ƙyallen. Sai ga shi a gilashi, kansa a ƙasa ƙafafu a sama, yana kallona kai tsaye. Na kawar da ido, na daidaita akwatin a kan hannuwansa, na ce ya yi. Da aka wanke, ga riga ta fito tsaf, ga hannuwa bisa gwiwa. Daga wuya zuwa sama babu komai.

"Madalla," in ji shi. "Yaro zai san rigar ubansa."

Shi dariya yake, ni kuwa kuka. Takardar da ta rage ta hoto ɗaya ce, kuma ba mai zuwa Zariya sayo wata.

Washegari hadari ya rufe gari, ba haske. Rana ta biyu jikinsa ya ƙi, ko zama bai iya ba. Na share wurin, na sake ɗaure zanen, na cika tulu da ruwan wanki, ina duban sama. Da la'asar ta gaba rana ta fito, jikinsa ya ɗan yi sauƙi. Na kama shi na kai kujera.

Na shiga ƙyallen, na ce wa raina ko surukata ce ta taso daga kabari ta same ni a haka, sai na duba. Na buɗe ido.

Ashe yana da tabo a girar hagu. Ashe kunnensa ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Shekarun nan da muka yi tare, ban sani ba. Na daɗe a ciki ina kallo, zufa da hawaye suna haɗuwa a haɓata. Na matsa akwatin har na ga gashin girarsa.

"Malam, ɗago haɓa kaɗan."

Ya ɗago.

"Riƙe tarin."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi.

Na cire murfi, na yi bisimillar da ban taɓa yin mai nauyinta ba, na mayar. Muka wanke tare, shi yana faɗa, ni ina juya takarda cikin akwatin. Da muka sake ɗaukar na farkon, na biyun ya fito, ya riƙe shi nesa ya duba, ya ce, "Ashe haka na rame." Sannan ya miƙo mini, na karɓa ina kallon idonsa, ba gilashi a tsakaninmu.

Bai kai kaka ba. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Ina cikin takaba na haifi namiji, shi ne uban mai rubutun nan. Tun yana rarrafe nake ciro hoton daga kwalla in ce masa, ga babanka. Da ya yi wayo ya tambaye ni wa ya ɗauka. Na ce ni. Bai yarda ba sai da na nuna masa mai rigar nan marar kai.

Yanzu yanar ido ta rufe ni, ko hoton ba na gani. Ke, ajiye biron, buɗe kwallar can ki ɗauko shi. Dubi girar hagu, ki faɗa mini ko tabon yana nan.