Tangaran Ɗin Inna Mairama

Ranar wata Talata bayan azahar aka karya wa Inna Mairama hannun dama da gindin bindiga, a tsakar ɗakinta, a kan maganar faranti.

Mai tuyar ƙuli ce a wani ƙauye gabas da Zurmi. Tun tana amarya take tara tangaran ɗan Japan. Duk ribar da ta samu sai ta hau mashin zuwa kasuwar Shinkafi, ta tsuguna gaban masu kayan gwanjo, ta kifa faranti ta duba hatimin gindinsa, ta ɗalle shi da farce ta kasa kunne. In ya yi amo siriri ta saya, in ya ce ƙwal ta ajiye. Akwai masu shuɗin zanen zalɓe, akwai ƙananan kofuna marasa mariƙi. Duk suna cikin kabet, jere ne, kuma kowace mace ta san ba a cin abinci a kayan jere. Ko da aka yi bikin ɗiyarta Zulaihat ba ta fitar da ko ɗaya ba.

Sai manyan gari suka yi sulhu da 'yan bindiga, wai su riƙa shigowa ana dafa musu don a bar mutane su yi noma. Mai unguwa Dauda ne ya rabo gidajen girki, ya tsallake nasa, ya nuna nata.

Ta tuƙa tuwon dawa, ta zuba a kwanonin silba masu tsafta. Da 'yan bindigar suka zo, babbansu, Jatau, ya leƙa ɗaki ya ga kabet, ya ce a juye masa nasa a mai tsuntsun nan. Ta ce masa wannan na kallo ne. Ya maimaita.

"Ɗan nan, mijina ya mutu bai ci tuwo cikin wanga ba," in ji ta. "Kai wane ne?"

Ta tare ƙofar kabet da hannunta. Nan ya sauke mata bindiga, ƙashin ya karye gida biyu. Yaransa suka kifar da kabet, suka bi da takalma suna niƙawa. Da ta rarrafa tana tattarawa da hagu, ɗaya ya taka mata yatsu a kan fasassun har jini ya jiƙa tabarma. Suka zauna suka cinye tuwon.

Yanzu tana Kaura Namoda gidan Zulaihat, hannun ya ɗoru a karkace, ko muciya ba ya riƙewa. Dauda kuwa yawo yake yana cewa taurin kanta ne ya so ya ɓata sulhu.

To Dauda, da kai da dattawan da kuka ƙulla abin nan, ku zo Kaura ku dubi hannun nan da idonku, ku janye maganar taurin kai a gaban jama'a. Kuma daga yau duk wanda ya gayyato mai bindiga cin tuwo, ya kai shi ɗakin matarsa.