Ranar da Delbert Kuchera Ya Ɗauki Makirfo

Delbert Kuchera ya shekara talatin da takwas yana awon alkama a rumbun hatsin garinmu, Orvel, can tsakiyar filayen noman Amurka. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ya daɗe da toshewa saboda ƙarar injinan rumbu. In kun haɗu ido da ido, da ƙyar za ka ciro kalma biyar daga bakinsa. Amma da ya shiga tsohuwar a-kori-kurarsa ya ɗauki makirfon rediyon oba-oba, sai ka ce wani mutum aka sauya: surutu, tsokana, da labarin manyan kifayen da bai taɓa kamawa ba.

Mu goma sha biyu ne masu irin wannan rediyo a gundumar, kowa da lasinsa, kuma ba mai biyanmu. Yawancin shekara hira kawai muke yi da shi. Amma daga Afrilu zuwa Yuni, in hadari ya haɗo daga yamma, mazan sai su watsu a hanyoyin gona su zuba wa sama ido. Ni kuma in zauna a kicin gaban babban rediyo ina karɓar rahotonsu, in abin ya ɓaci in buga waya a kunna jiniyar gari. Tsohuwar malamar makaranta ce ni, shi ya sa har masu furfura Malama Verna suke ce mini.

Matar Delbert ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Marlys, wadda ta zama nas. Wata safiya a watan Satumba tana kan keke za ta aiki, wani dillalin injinan noma ya bi ta kanta da mota. Saƙo yake rubuta wa abokinsa a waya, yana tambayar inda za su ci abincin rana. Shekararta talatin da huɗu.

Delbert bai yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya sa hotonta a aljihu ya riƙa tafiya babban birnin jiha, awa huɗu a mota, yana zama a gaban 'yan majalisa. Mutumin da ba ya iya gaisuwa mai tsawo ya koyi tsayuwa ya yi magana a zaure cike da mutane. Shekara uku yana wannan zirga-zirga, har aka rubuta dokar da ta hana direba riƙe kowane abin sadarwa a hannu muddin mota na tafiya.

Harlan Voss, manomi, abokinsa tun suna firamare, shi ya fara karanta takardar da kyau. Ya tarar da mu a shagon shan kofi na Arlene, ya jefa ta a kan tebur.

"Kai tsoho, ka karanta abin nan kuwa, ko hotonka kawai kake kallo a jarida?"

"Na karanta," in ji Delbert.

"To ai har makirfonmu a ciki. Mutanen nan suna jin maganarka. Layi ɗaya za ka sa su ƙara, a ce ban da masu rediyo."

"In na ce ban da mu, gobe masu tasi su ce ban da su. Jibi dillalai."

"Haba, mutumina! Shekara arba'in muna tuƙi muna magana, waye a cikinmu ya taɓa take ko kaza?"

"Shi ma wancan bai taɓa take kaza ba kafin ranar."

Harlan ya miƙe. Ya bar kofinsa ko rabi bai sha ba, ya fita.

Doka ta wuce yadda take. Kafin shekara ta zagayo mutum huɗu sun bar mu, suka ce ba za su fita gadin gari kyauta ba kuma ɗan sanda ya tare su a hanya. An tare Harlan ɗin ma sau ɗaya, aka ci shi tara. Daga nan ya laƙaba wa Delbert suna Sanata. In ya ji muryarsa a rediyo sai ya ce, "Ranka ya daɗe Sanata, an faka kuwa? An ja birkin hannu?" Delbert kuwa da gaske fakawa yake. Ko gaisuwa zai amsa, sai ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Surutun nan nasa duk ya ƙare, ya koma ba da rahoto kawai.

Shekara biyu ana haka. Ranar wata Talata a watan Yuni, wajen ƙarfe biyar na yamma, sama ta yi wani kore-kore mai ban tsoro, iska ta tsaya cik. Mutum bakwai suka fita. Delbert ya tsaya a inda ya saba, mil tara yamma da gari, kusa da layin dogo. Rahotonsa na farko a natse ya bayar: gajimare ya sauko yana juyawa, amma bai taɓa ƙasa ba. Na ce ya kula da kansa. Sai shiru na kamar minti huɗu.

Da muryarsa ta dawo, na ji kukan inji a bayanta, da ƙanƙara tana dukan rufin mota kamar ana jifa da duwatsu. Nan take na gane tuƙi yake yi. Daga baya na ji yadda aka yi: guguwar ta sauka a bayan wasu bishiyoyi kusa da shi ƙwarai, ya tayar da mota ya gudu. In ya tsaya, ta cim masa. In ya yi shiru har ya sami wurin tsayawa, ta riga shi isa gari.

"Verna, ta sauka! Ta sauka, tana bin layin dogo, unguwar mayanka ta nufa. Ki sa a busa yanzu, yanzu! Faɗinta ya kai..."

Sai na ji wani sauti mai nauyi, da ƙarar birki. Bai saki maɓallin makirfon ba, kuma a irin rediyonmu in mutum ɗaya ya danne, ba wanda zai iya magana. Dukanmu muna ji yana cewa, "Wayyo Allah. A'a. A'a." Da hannu ɗaya na buga waya aka kunna jiniya, ina jin numfashinsa a kicin ɗina.

Jiniya ta riga guguwar da minti goma sha ɗaya. Unguwar mayanka gidajen kwano ne marasa tushe, inda ma'aikatan mayankar shanu suke zaune. Mutane suka kwashi yara da tsofaffi suka shige ɗakin ƙarƙashin coci. Gida arba'in da uku iska ta ɗebe, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Wadda ya buge sunanta Graciela Ontiveros, ma'aikaciyar mayanka, mai 'ya'ya uku. Ƙanƙara ta fasa mata gilashin gaban mota, ta tsaya a gefen hanya, ta fito za ta tsallaka ta kwanta a kwalbati. A daidai lokacin idon Delbert yana kan madubi yana auna guguwar, hannunsa na dama yana riƙe da makirfo. Ya fito ya ja ta cikin kwalbatin ya rufe ta da jikinsa, guguwar ta wuce su da rabin mil. Ƙashin bayanta ya karye. Likitoci sun ce ba su san ko bugun ne ya tsinke lakar ko jan da ya yi mata ba.

Ɗan sandan da ya ɗauki bayaninsa tsohon ɗalibina ne, shi ya ba ni labarin abin da suka yi.

"Baba, ƙanƙara ce, ba a ganin hanya. Abin da zan rubuta ke nan."

"Rubuta makirfo yana hannuna."

"Ba wanda ya tambaye ka wannan, Baba."

"Malama Verna ta ji. Mutum bakwai sun ji. Rubuta."

Ya rubuta. Kotu ba ta ɗaure shi ba, amma ta karɓe lasinsa na tuƙi, kuma bai sake nema ba. A majalisa sunansa ya sake tashi, wannan karon ba ya wurin. Wasu suka ce ga gida arba'in da uku, a cire masu rediyo daga dokar. Wasu suka ce ga mace a keken guragu, a bar doka yadda take. Kowane ɓangare ya aiko masa da takarda yana neman ya zo ya yi magana. Bai buɗe ko ɗaya ba. Hukumar gari ta shirya ba shi lambar yabo, ranar bikin aka yi ta jira, kujerarsa babu kowa.

Da aka sallamo Graciela daga asibiti, Delbert ya roƙi Harlan ya kai shi gidan da aka ba su aro. Harlan bai sake ce masa Sanata ba tun ranar guguwar. Mijinta, Eusebio, ya tare su a ƙofa, bai ce su shigo ba.

"Na san ka, dattijo," in ji shi. "Uwata da 'ya'yana suna gida ranar, jiniyarka suka ji suka gudu. Matata kuma tana ciki, ni nake ɗaga ta in kai ta bayi. Ban san abin da zan ce maka ba. Don Allah ka tafi gida."

Delbert ya tsaya riƙe da hula a hannu har aka rufe ƙofar. A hanyar komawa Harlan ya ce masa, "Da ni ne, abin da ka yi zan yi." Delbert ya ce, "Na sani. Shi ya sa na so a hana mu."

A kakar nan ya sayar da gidansa ya koma gidan kula da tsofaffi a hedikwatar gunduma, mil sittin daga Orvel. Nakan je duk wata. Ba ya tambayar gari, ba ya tambayar rediyo. Tambayarsa ɗaya ce, ko matar nan ta fara motsa yatsun ƙafa. Sau biyu na yi niyyar yi masa ƙarya, na kasa.

Ciwon huhu ya kama shi a sanyin shekara ta biyu, ya rasu a watan Fabrairu yana da saba'in da shida. Ƙasa ta daskare, sai da aka kawo inji aka haƙa kabarin. Mu kamar ashirin ne a maƙabarta. Eusebio ya zo cikin kayan aikinsa na mayanka, ya tsaya can baya kusa da shinge har aka gama addu'a. Matan coci sun shirya abinci, na je in ce masa ya zo ya ci, na tarar ya riga ya shiga mota, don ƙarfe biyu yake karɓar aiki.