Ranar da Motar Mijinyawa Ta Ƙi Mutuwa

Mijinyawa bai san tsoron inji ba sai ranar da ya murɗa makulli, ya zare shi, ya riƙe a hannu, motar kuma ta ci gaba da ruri. A tsakiyar daminar bana ta 1994 ne, da hantsi, ran kasuwar Rogo. A bayan motar akwai mata goma sha ɗaya, kowacce da ƙwaryar nono a cinya. A gefen hanya kuma ga Baffa Hammawa, ƙanen mahaifinsa, ya dogara sanda yana jiran gaisuwa.

Ɗan wata ruga ne a Fulatan, da kiwo ya buɗe ido. Yana da shekara sha bakwai ya bi wata tifa zuwa Karaye, ya maƙale a garejin Malam Ilu da ke Unguwar Hajji, shekara tara yana kwance inji yana ɗaurawa. Da wani kamfanin noma ya tashi aka yi gwanjon motocinsa, sai ya sayar da shanun gadonsa ya sayi guda, fara, mai jan ƙafa huɗu, mai shan gas. Dangi suka ce ya ba da abin da ke haihuwa ya karɓi abin da ke tsatsa. Shi dai ya san in ruwa ya sauka hanyarsu takan yanke, nono ya lalace a gida, marar lafiya sai a amalanke.

Sai dai motar, in ta ɗauki lodi, takan gaza a hawan da ke bayan fadama. Ya kwana biyu yana kallon injin. Akwai turbo a jikinsa, wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa injin iska. Akwai kuma wani sukuru a famfon gas da aka liƙe da dalma don kada kowa ya taɓa. Ya fasa dalmar, ya murɗa sukurun kwata, ya gajarce sandan da ke rage wa turbo iska. Washegari motar ta haye hawan kamar ba ta ɗauki komai ba.

Malam Ilu ya leƙa bonet ya girgiza kai. "Kai Bafillace, wanda ya ƙera ta bai fi ka hankali ba ne da ya sa mata dalma?"

"Ya fi ni, Maigida. Amma bai taɓa zuwa Fulatan a watan Agusta ba."

"To riƙe abu ɗaya. Tun da ka ƙara mata wuta, in ta yi zafi kada ka kashe ta nan take. Bar ta a kunne a silo minti uku, baƙin mai ya sanyaya turbo."

Ya ce to. Amma a hanyar Fulatan babu mai wuce babba a kan mota. Tsayawa ake, a kashe inji, a sauko a durƙusa, a tambayi gida da shanu da ruwa. A rana ɗaya yakan yi haka sau shida, sau bakwai. Da Malam Ilu ya sake yi masa maganar, sai ya ce, "In bar Baffa a tsaye yana jiran ƙarfe ya huce? Ko in gaishe shi ina ihu kamar mai korar akuya?"

A tashar Rogo, Shitu ɗan kamasho in ya hango baƙin hayaƙin motar Mijinyawa sai ya ce, "A matsa, gidan burodi ya iso."

"Gobe in motarku ta nutse, gidan burodin za ka aika a kira," in ji Mijinyawa. Kuma ana kiran nasa.

Shekara uku ke nan yana haka. A ranar kasuwar nan, ya fito daga taɓo da ƙyar, injin ya yi zafi, ya hango Baffa ya taka birki. Abin da bai sani ba, kashe-kashen nan sun cinye abin da ke tare mai a cikin turbo. Baƙin mai ya kwararo cikin injin, injin ya kama shansa a madadin gas, makulli kuma ba shi da iko da wannan. Ƙarar ta yi ta hawa, farin hayaƙi ya rufe hanya. Waɗanda suka ji ƙarar nan ba sa son zancenta. Ya san irin wannan injin ba ya tsayawa sai ya fashe. Ya saka babbar giya ya danne birki, kulochi ya ƙone. Matan sun cushe a ƙofar baya, wata tsohuwa ta kasa sauka.

Baffa ya ce da fillanci, "Taho nan, bar ta."

Karo na farko ke nan da ya ƙi maganar tsohon. Ya ɗaga bonet, ya fizge robar iska, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule ya danna a bakin turbo. Fankar ta zuƙe rigar, ta haɗa da hannunsa na dama. Bai janye ba. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Babu macen da ta ji ko ƙwarzane.

A motar su Shitu aka kai shi Kano. Da Malam Ilu ya je dubiya asibiti, ya tsaya a kansa ya ce, "Na mayar da sukurun nan inda yake, zan sa masa sabuwar dalma."

"Kada ka sa, Maigida. Damina ba ta wuce ba."

"Da wane hannun za ka tuƙa?"

"Da wanda suka bar mini."

Sauda, matar Mijinyawa, tana can tare da shi kwana tara ke nan. Yatsu biyu sun riga sun tafi. Likita ya ce sai ya kwance ɗaurin ran Alhamis zai san ko za a bar masa sauran hannun. Yau Talata, kuma babu wanda ya zo Fulatan da wani labari tukuna.