Kududdufin Bayan Gidanmu

Ni ce na rubuta takardar. Gara in faɗa tun da wuri, don har yau kansila 'yan unguwarmu suke zagi, alhali bawan Allah roƙonmu ya amsa.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a cikin birni yana da abin da yake so farar hula su yi masa. Ni kududdufin bayan gidanmu, nan wajen Ƙofar Wambai, nake so a cike. Gidan aurena lungu ɗaya ne da na iyayena, saboda haka warin tare muke sha. Ga sauro, wanda ya kwantar min da 'yata sau biyu a damina ɗaya. Ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, bakina kuma ba ya shiru, sai matan unguwa suka ce ni zan rubuta wa kansila takardar roƙon.

Babanmu maginin ƙasa ne. Soron da yake kwana a ciki da hannunsa ya gina shi, tun kafin ya auri innarmu. Da na karanta masa takardar sai ya ce, "Kin san inda aka ɗebo ƙasar soron nan?"

"Baba, maganar sauro fa nake yi."

"Daga ramin nan. Mun ɗauki ƙasarsa, shi kuma yana shanye mana ruwan indararo. Da rani ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya riƙe mana rijiya. Ƙasa tana da ciki, yarinya. Allah ya yi ta tana gyara kanta in an ƙyale ta. A yashe shi, kada a toshe."

Wallahi dariya na yi! Ni da nake zana zagayen ruwa a allo, daga kogi zuwa gajimare ya dawo, wai ni za a koya wa? Ban taɓa tambayar kaina inda ruwan yake zuwa bayan ya sauka a lungunmu ba.

Tifa ta yi ta juye ƙasa da shara, aka daddaɓe, aka gina shaguna. Daminar farko muka wuce lafiya, na yi ta tsokanar Baba. A ta biyu, wata Laraba bayan la'asar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya gangaro neman wurinsa, ya tarar da siminti, sai ya juyo ta zaurenmu. Kwana uku gindin soron yana cikin ruwa. Da ƙyar da roƙo muka fito da Baba, yana ta faɗa cewa gininsa ba ya faɗuwa.

Da hantsin Asabar, ana yayyafi, soron ya rufta, ya zauna a gabanmu. Na durƙusa ina kuka, kunya ta hana ni kallon fuskarsa. Shi kuwa yana dogare da sandarsa, yana bin jan ruwan da ido yadda yake kwasar ƙasar yana gangarawa da ita wajen shagunan.

"Daina kuka," in ji shi. "Dubi inda ta nufa. Can muka ɗebo ta."

Tun daga lokacin, in na zana zagayen ruwa sai na sa kududdufi a ƙasan allon, kuma ba na bari ɗaliba ta kwafa ta bar shi. Baba ya yi gaskiya, zan faɗa a gaban kowa. Ɗakin bulo muka yi masa. Ya shekara huɗu a ciki yana cewa zafi, bai sake kwana ƙarƙashin ginin hannunsa ba.