Injin Markaɗe da Ciyayyar Ƙofar Gidanmu

Na ga abubuwa a duniya, da yawa kuma sun shige mani, amma ranar da dattawan unguwarmu suka rufe tuwonsu saboda mahaifina ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne. Ina koyarwa a wata firamare a Kankia, an yi mana ƙarin albashi, na sayi babur, ina ji da kaina kamar ni na haƙo man. Iyayena kuwa suna ƙauyenmu, Dudunni. Rannan da damina Baba yana shirin huɗa, san huɗarshi ya harbe shi a muƙamuƙi. A asibiti aka ɗaure mashi haƙora da waya, likita ya ce kwana arba'in ba tauna, sai abin da zai zuƙa ta tsakanin haƙori.

Wani zai ce ai da sauƙi, ƙasar kunu da fura muke. To, ba ku san Baba ba. Inna ta dama koko, ta tace fura, ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya shige ɗaki ya daina fita. Cikin mako biyu ƙasusuwan wuyanshi suka fito. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, in ba a yi wani abu ba, yunwa za ta kashe shi, ba sa ba."

Ni da boko a ka, nan take na yanke hukunci: kunu ne ya gundure shi, tuwo da nama yake marmari. Na hau mota sai Kano, wani kanti da aka ce ana sayar da injin markaɗe na cikin gida. Iri biyu na tarar. Ɗaya na ƙarfe ne mai hannu, ka yi ta juyawa. Ɗayan kuwa mai kofin gilashi, na lantarki. Mai kantin ya jefa tumatir da tattasai, ya danna, abin ya yi kuka, kafin ka ce kwabo sun zama ruwa. Wallahi sai da na ja da baya! Ya ce, "Malam, akwai wuta garinku?" Na ce, "Kai dai ɗaure mani shi."

Da na buɗe kwalin a tsakar gida, Inna ta zagaya shi ta ce, "To, wutar fa? Ko ita ma tana cikin kwalin?" Kunya ta kama ni.

Allah Ya taimake ni da wani mai hoto a Kankia da yake da injin wuta. Matata ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka da naman rago, na kai shagonshi muka zuba. Mutane suka taru har bakin titi. Wata tsohuwa mai ƙosai ta leƙa ta riƙe baki. "Ikon Allah! Wanga abu shi ke tauna maka, kai sai haɗiya?"

Na juye a langa, na ɗaure bayan babur, na isa Dudunni gab da magariba ina ta murna. Baba ya zuƙi ludayi guda, ya gyaɗa kai alamar ya yi daɗi, sannan ya ture ya juya fuska bango. Na fito da langar a hannu, idona cike da hawaye.

A ƙofar gidanmu ake ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci yakan fito da akushinshi, a haɗa a ci tare, kuma tun kafin a haife ni Baba bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba. Cikin dattawan akwai amininshi, wani Bafillatani da muke kira Baffa. Shi ya tare ni, ya buɗe langar, ya sunsuna. Ya ce, "Je ka ce ma innarka ta ba mu ludaya, duk na gidan."

Na kawo. Baffa ya ajiye langar tsakiyar tabarma, ya ɗaga murya yadda Baba zai ji. "Fito, malam! San nan ni na sayar maka. In da mai ɓuya, ai ni ne."

Daga ɗakin Baba na kusa da zaure muka ji muryarshi ta tsakanin haƙora. "Ku ci abinku. Ba ni zama gabanku abinci na dalala mani kamar jinjiri."

Ashe abin ke nan! Ba kunu ya gundure shi ba. Kunya ta hana shi fita, kaɗaici ya hana shi ci. Ni kuwa na tafi har Kano neman magani.

Baffa ya ɗauki faifai ya rufe akushinshi. Ya ɗebi markaɗen, ya datse haƙora gam, ya zuƙa. Rabin markaɗen ya bi gemu ya sauka kan riga. Mai unguwa ya dube shi, shi ma ya rufe nashi ya ɗauki ludayi. Liman ya bi. Haka har mutum shida, dattawan da ba ka isa ka ɗaga ido gabansu ba, kowa ya datse haƙora miyar kuka na bin gemunshi.

Baffa ya ce, "To, ga jinjiraye shida nan. Saura na bakwai."

Can sai ga Baba dafe da bango. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunshi suka shiga rawa, dariya yake amma waya ta hana ta fita. Aka matsa mashi ya zauna. Ban san ludayi nawa ya sha ba, na dai ga ƙasan langar. Inna tana bayan ƙyauren zaure tana kuka tana hamdala.

Daga ranar sai da na nemi babbar langa. Kullum ina tashi daga makaranta sai shagon mai hoto, sai Dudunni. Har aka cire wayar nan ba wanda ya tauna loma a gaban Baba.

Duk sun rasu yanzu, Allah Ya ji ƙansu. Injin ma ya daɗe da mutuwa. Amma tun ranar, in aka ce mani mara lafiya ya ƙi ci, ba na fara tambayar me aka dafa mashi. Nakan tambaya da wa yake ci.