Ƙyallen Nolvia

Shekara goma sha ɗaya kekena yana kusa da na Nolvia a masana'antar ɗinkin riguna a garin Choloma. Ni wuya nake ɗinkawa, ita hannu. Ba ta da surutu, ni ma haka, shi ya sa muka shirya.

Da ta haifi na uku sai ta fara allurar wata uku. Ciki dai bai shiga ba, nan kam allura ta yi aikinta. Amma al'ada ta ɗauke, jiki ya yi nauyi, kai kullum ciwo. Sai kuka. Tana taka keke hawaye na ɗiga a kan rigar mutane, ba wanda ya taɓa ta.

Uwar mijinta ta ce jinin da ya ƙi fita ne ya hau mata kai. Ta kai ta wurin wata tsohuwa, aka goge mata jiki da ɗanyen ƙwai, aka fasa a kofin ruwa ana dubawa. Ƙwai uku suka tafi a banza. Nas ɗin asibitin unguwa kuwa cewa ta yi, "Gajiya ce, 'yar nan. Wace mace ce ba ta kuka? Juya." Ta sake tsira mata allurar.

"To ki daina mana," na ce wa Nolvia muna cin wake a bakin ƙofa.

"In daina in haifi na huɗu? Ke za ki goya, Yaya Dilcia?"

"Ni? Wannan bayan ko jaka ba ya ɗauka."

Ba ta yi dariya ba. Da muka koma aiki ta tsinci dogon ƙyalle a ƙarƙashin keke. Duk ranar da kuka ya zo ba dalili, sai ta yi ƙulli ɗaya.

Ranar allura ta gaba na raka ta. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan teburin nas.

"Wannan fa? Carbi?"

"Kwanakin da na yi kuka ne. Arba'in da ɗaya. Ƙirga da kanki."

"Baiwar Allah, akwai layi a bayanki. Juya."

"Ba zan juya ba. Ciki ba na so, hauka ma ba na so. Ki kira likita."

Ta zauna a kujerar ta harɗe hannu. Matan layi na ta tsaki, ko gezau. Sai da rana ta take likita ya fito, ya juya ƙyallen a hannu, ya yi mata tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mata. Aka sa mata robar mahaifa mai tagulla, wadda ba ta sakin magani a jini.

Ba a kyauta ta samu ba. Al'ada ta dawo da ƙarfi, da ciwon mara mai sa ta duƙe a kan keke. Kukan ma sai da ya ja watanni kafin ya bar ta. 'Yata ta fari allurar take yi, lafiya lau. Nolvia ce allurar ba ta karɓe ta ba, kuma ita ta fi kowa sani.

Yaranta uku ne har yau. Ƙyallen kuwa, da shi take ɗaure gashi in zafi ya yi yawa.