Gogen Da Na Hana Ka Tafiya Da Shi

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, ina aji ana darasin lissafi, Mama ta turo min saƙo cewa Malam Weng Chin-tsai ya rasu. Ya fita shan romon naman sa da safe kamar kullum, a nan unguwarmu ta Tainan a ƙasar Taiwan, ya zauna, zuciyarsa ta tsaya kafin a kawo masa kwano. Shekararsa saba'in da huɗu. Ban yi kuka a lokacin ba. Na kifa littafin da nake karantawa a ƙarƙashin tebur, na yi ta kallon allo.

Malam, ni ce A-pei, ɗalibarka da kake cewa sai an kasa kunne sau biyu kafin a ji gaisuwarta. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta.

Ina ƙarama aka kawo ni wurinka in koyi erhu, gogenmu mai tsirkiya biyu. Ranar da ka tsinci littafin soyayya a jakar gogena, na ɗauka kashina ya bushe. Ka juya shi, ka ce, "Sun yi aure a ƙarshe?" Na ce ban kai ba. Ka ce, "To kaɗa min wurin da kika tsaya." A inda saurayin ya shiga jirgi na tsaya. Na goga. Da na gama ka ce, "Yau kika fara kiɗa. Da can katako kike yankawa." Ba ka taɓa gaya wa Mama ba.

Dattawan ƙungiyar kiɗan haikali sun daɗe suna fushi da kai. Sun ce ka ɗaura wa goge lakataye, ka haɗa shi da kiɗan baƙi. Ba ka taɓa ramawa ba, kuma duk bikin haikali kai ne mai kai musu shayi. Amma Lahadi taka ce. A bayan gidanka ake haɗuwa da Benjie, ɗan Filifin mai aiki a masana'antar noti, wanda ke busa saksafon, algaitar Turawa, da wata 'yar Indiya mai ƙananan ganguna. Don gogenka ya dace da su ka sa masa tsirkiya masu kauri, muryarsa ta yi ƙasa, ka huda jikinsa ka zura wayar lasifika. Babu irinsa a ko'ina. Benjie ya busa kamar mai tambaya, gogenka ya amsa. Ni kuwa ina rakuɓe a lungu, ina ganinsu kamar masoya biyu da danginsu suka ƙi haɗawa.

Sau da yawa na ji ka ce wa matarka, Inna A-siu, "In na tafi, ki sa min shi a akwati. Ba zan isa wurin kakanni hannu rabbana ba." Ita kuma ta ce, "Kakannin ma ba za ka bar su su huta ba?"

Ta cika maka alkawari, Malam. Ni ce na warware shi. Ranar da aka sa ka a akwati, bayan tufafi da tabarau, ta kwantar da gogen a gefenka. Na san wuta za a kai akwatin, a ƙone shi da gawar kamar yadda aka saba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Kada a ƙona shi!" Kowa ya juyo. Na durƙusa na riƙe gefen rigarta, na ce ƙungiyar Lahadi za ta watse in babu shi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ciro shi ta ɗora min a hannu. Aka rufe ka babu shi.

Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So nake ya zama nawa. A littattafaina, wadda aka bar wa abin tunawa takan rungume shi ta ji sanyi a ranta. Ni ko taɓa jakar na kasa yi. Ina ta ganinka a can lahira, an zauna za a yi kiɗa, kowa da kayansa, kai kana shafa gwiwa.

Sai na je wurin Baba Tu, mai yin gidajen takarda da ake ƙona wa mamata don su isa gare su a lahira. Yana da mota, yana da firji, har da goge, duk na takarda, amma gogen irin na kowa ne. Na ce naka sai da tsirkiya masu kauri, da waya. Ya sauke tabarau. "Waya kuma, 'yar nan? An gaya miki akwai wutar lantarki a can?" Na ce to a haɗa da lasifika. Ya ce, "Bari in ƙara masa da janareta, kada Weng ya zo min a mafarki da ƙorafi." Tare muka liƙa shi, da gora da takarda da zaren siliki.

Lahadin da ta wuce aka ƙona maka gidanka na takarda. Na je da goge biyu, da niyyar in jefa su duka, in huta. Na jefa na takarda, ya tashi nan take. Na ɗaga na gaskiya, sai Benjie ya fara busa. Ya yi tambayarsa, ya tsaya a daidai inda kake amsawa, ya bar wurin a buɗe. Na zauna a bakin dakali na amsa. Sau biyu na kuskure, tsirkiyar ta fi ƙarfin yatsuna. Amma na kai ƙarshe.

Inna A-siu ta share ido da bayan hannu. Ta ce, "Ya ji. In bai gamsu ba, ke zai zo wa a mafarki. Ni dai a bar ni in huta."

Ban mayar ba, Malam. Yana wurina, kuma har yanzu ban san ko ka yafe ba. Lahadi mai zuwa zan je bayan gidanka da shi.

Mai Sama ya ji ƙanka, ya haskaka maka hanya, ya sa na takardar ya isa hannunka da muryarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna A-siu, da 'ya'yanka biyu da jikokinka, da Benjie da abokiyar kiɗansa, da dattawan haikali waɗanda suka zo jana'izarka suka tsaya har aka tashi. Mai Sama ya ba mu haƙurin rashinka.